Igiyar da Graciete Ta Ƙi Saki

Gona, hanyar Palomares
Satumba

Auta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kin tashi da sauƙi, haƙarƙarin kuma ya fara barin ki barci. Na kira ki har na gaji, ba ki ɗauka ba. Na je asibiti, aka ce kin ce kada a bar ni in shiga. To ga takarda, ita dai babu mai tare ta a ƙofa. Na ajiye miki tukunyar miyar kabeji da wake da burodi mai zaƙi a bakin ɗakinki. Ki ci, ko da kina zagina.

Allah ya sani, ranar da jami'in gandun daji ya kira ya ce saniyata ta tattake wata mai sana'ar yawo da karnukan mutane a Tudun Corvo, ina tsaka da aiki ne. Da ya faɗi sunanki sai na zauna a ƙasa cikin garke. Ke kaɗai kika rage mini tun da Baba da Mama suka tafi, mijina Anselmo ma ya bi su. Na yi kuka, kin kuma san ba ni da arhar hawaye.

Amma da kukan ya wuce, haushi ne ya zo. Graciete, a gindin tudun nan aka haife ki. Tun ba ki iya ɗaura takalmi ba Baba ya koya mana cewa in saniya mai jego ta taso miki kina tare da kare, ki saki igiya. Ba ke take nema ba, karen take nema, shi kuwa ya fi ta gudu. Har a allon bakin ƙofar gandu an rubuta haka saboda mutanen gari. Amma jami'in ya ce rub da ciki aka same ki, igiya naɗe a hannunki, kin danne karen mutane kamar kaza a kan ƙwai. Me ya shiga kanki? Ko shekarun da kika yi kina bin karnukan masu hali da leda a hannu ne suka wanke miki abin da kika sani?

Pinta ce, in ba a gaya miki ba, baƙar nan mai farar fuska. Ba ta daɗe da haihuwa ba. Ba zan ce miki ta yi laifi ba, don ba ta yi ba. Tun da na fara kiwonta dila bai taɓa ɗauke mata maraƙi ba, sauran shanu ma bayanta suke fakewa.

Akwai abin da ke hana ni barci bayan ciwonki, gara in faɗa. Izinin kiwona a tudun zai ƙare ƙarshen shekara. In hukumar gandu ta ƙi sabunta shi, filin gida ba zai ɗauki ko kashi ɗaya cikin uku na garken ba. Kin san abin da hakan ke nufi ga mace mai shekaruna.

Allah ya ƙara sauƙi. Ki dawo mini da tukunyata.

Yayarki,
Delfina

*

Hayward
Satumba

Yaya Delfina,

Na samu takarda, na samu miya. Gishiri ya yi yawa kamar kullum. Ina gaishe ki, ina gaida shanunki, tunda su ne danginki na kusa.

Haƙarƙari huɗu ne da ƙashin kafaɗa, tunda ba ki tambaya ba. Tari ya zama mini aiki. Likita ya hana ni dariya, amma takardarki ba ta jefa ni cikin wannan haɗarin ba. Na karanta ta sau biyu ina neman inda kika ce "yi haƙuri". Na ga inda kika yi kuka, na ga inda kika yabi Pinta, na ga inda kika tambayi tukunya.

Ke kina da dokar Baba, ni ma ina da dokar sana'ata. Mutum ya ba ni makullin gidansa, ya damƙa mini karen da yake kwana a ƙafafunsa, ya tafi aiki hankalinsa kwance. Abin da nake sayarwa ke nan, amana. Kina iya kiransa kwasar kashi, ko a jikina. Ni ban taɓa mayar wa kowa igiya babu kare a jiki ba.

Tunda kin tsokano zancen tudu, bari in gaya miki yadda yake daga wancan gefen shinge. Shanunki a tsakiyar hanya suke kwanciya, sai mutum ya ratse cikin ƙaya. Kwamin ruwansu yana manne da hanyar, inda dole kowa ya wuce. Da damina suna dame wurin ya zama ramuka, rani ya zo ya busar da su, tsofaffi su yi ta gurɗe ƙafa. Karnuka kuma ba abin da suke so kamar birgima a ɗanyen kashin shanu, ni ce mai wanka, ni ce motata ke wari har coci. Duk na haɗiye wannan shekara da shekaru ban ce uffan ba, saboda ke.

Mutanen da ke hawa tudun nan ba maƙiyanki ba ne. Akwai ma'aikaciyar jinya da ke zuwa in ta tashi daga aiki, akwai tsofaffin da gidajensu ba su da ko tsakar gida. Ke kina kallonsu kamar baƙin da suka faɗo miki gona. Baba ya sayar wa hukuma tudun nan da hannunsa, ina tsaye ya sa hannu, ke kina waje kin ƙi shiga. Tudun na kowa ne yanzu. Ke ce 'yar haya, Yaya, ba su ba.

Kada ki kira ni. Da takarda kika fara, mu ci gaba da takarda, ita ba ta katse ni ina magana. Tukunya tana nan, sai na samu hannun ɗauka.

Ki huta lafiya.

Graciete

*

Gona
Oktoba

Auta,

Ina gaishe ki, ina fatan kafaɗar tana haɗewa, tunda bakin dai na ga lafiyarsa ƙalau.

Kin ga hotonki? Wani ya ɗauke ki ana sa ki a motar asibiti, fuska duk ƙura da jini. Sun buga shi a takardu sun manna a kowace ƙofar gandu, a ƙasa an rubuta a fitar da shanu daga tudu. Wata Kendra, shugabar ƙungiyar masu karnuka, ita ke tsayawa da tebur a wurin ajiye motoci tana tara sa hannu. Ranar Lahadi na je duba ruwa, ta miƙo mini biro. Na ce mata ni ce mai shanun, kuma matar da ke hoton nono ɗaya muka sha. Ta ce to ai ni ya fi kamata in fara sa hannu. Na kalle ta har ta janye biron.

Kin lissafa mini laifin shanuna, to saurari na mutanenki. Ledojin kashin da suke ratayawa a shingena kamar kayan adon Kirsimeti, wa suke jira ya kwashe? Bara na farke cikin wani maraƙi da ya mutu, leda na tarar. Suna sakin karnuka su tarwatsa garke, in na yi magana su ce wasa yake yi, ba ya cizo. Kuma shekarar da gobara ta cinye tudun da ke bayanmu, a ina ta tsaya? A shingena ta tsaya, don shanuna sun riga sun cinye ciyawar da za ta ci. Gidajen su Kendra ne a ƙasa. Ba wanda ya manna hoton wannan.

'Yar haya ce ni, na ji. Amma 'yar hayar nan ce ta san kowane idon ruwa a tudun, ita ke gyara waya in itace ya faɗa mata, ita ke tsinto yaran mutane in sun ɓata. Ba zan sauka don wata mai biro ba.

Hukuma za ta zauna a watan gobe ta yanke magana, kowa na iya tashi ya yi bayani. Ban taɓa roƙonki komai ba, yau ina roƙo. Ki zo ki gaya musu ke 'yar makiyayi ce, kin san a saki igiya ake yi, kika ruɗe kika ƙi saki. Kuskure ne, kowa yana yi. In daga bakinki ya fito, hoton nan ya zama takardar banza.

Allah ya ba ki lafiya, ya sassauta miki zuciya.

Delfina

*

Oakland
Oktoba

Zuwa ga Uwargida Delfina Borba,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki da iyali da dabbobinki cikin ƙoshin lafiya. Ba ki san ni ba. Sunana Cleon Pettiford, tsohon direban bas, yanzu ƙafafu sun ajiye ni a kujera. Ni ne mai karen da aka samu a ƙarƙashin ƙanwarki. Na samo adireshinki a jikin tukunyar da na gani a ɗakinta lokacin da jikata ta kai ni dubiya. Ki gafarta mini shisshigi.

Na fahimci cewa kina ganin ta manta tarbiyyar gidanku. Ta hana ni gaya miki abin da zan faɗa, amma na girme ta, kuma na daina jin tsoron mata tun da matata ta rasu.

Karnuka huɗu ne tare da ita ran nan. Da saniyar ta taso, uku ta kwance su nan take ta kora, suka gudu har wurin mota, ko ƙwarzane babu. Na huɗun shi ne nawa, Otis. Otis makaho ne, Uwargida, kuma kunnensa ya yi nauyi. Ya tsufa kamar ubangidansa. In aka sake shi ba ya gudu, tsayawa yake yi cak yana juya kai, yana jiran a ja shi. Duk duniyarsa tsawon igiyar nan ce. Ƙanwarki ta san haka, shi ya sa ta kwanta a kansa.

Sauran masu yawo da karnuka sun ƙi karɓarsa, sun ce yana ɓata musu lokaci. Ita ce ta ce makaho ma yana da hanci, a bar shi ya shaƙi ciyawa. Ranar da take zuwa ɗaukarsa, tun da safe yake zama a bakin ƙofa.

An kawo mini takardar korar shanu, ban sa hannu ba. A gona na tashi a Louisiana, na san saniya mai jego, ba na riƙe ta a zuci. Amma kuma ba zan zauna ina ji ana cewa matar nan ta ruɗe ba. Na yi shekaru ina tuƙa mutane, na ga masu ruɗewa da yawa, ba haka suke yi ba.

Otis yana nan lafiya, ya ci abincinsa, yana barci a kan ƙafata ina rubutun nan. Allah ya albarkaci gidanki.

Naki cikin girmamawa,
Cleon Pettiford

*

Gona
Oktoba

Auta,

Gaisuwa. Wani dattijo Pettiford ya rubuto mini. Rubutunsa ya fi na limamin cocinmu kyau.

Don me ba ki gaya mini ba? Kika bar ni ina ta zuba kamar rediyo. Na karanta takardarsa a tsaye, na sake karantawa a zaune, kunya ta ishe ni. Na janye maganar ruɗewa. Da Baba yana nan, da abin da kika yi shi ma zai yi, sai dai shi zai ƙara da zagin saniyar da yaren tsibirin da aka haife shi.

Ba zan ƙara cewa ki faɗi abin da ba haka ba. Abu ɗaya ya rage. Ranar zaman, ki zauna a gida. Kina da uzuri, ba ki da lafiya. Ki bar ni da su Kendra, na ishe su.

Ki yi haƙuri. Ga shi na rubuta, ki nemo tabarau ki gani da kyau.

Yayarki,
Delfina

*

Hayward
Nuwamba

Yaya,

Ina gaishe ki. Na ga haƙurin, na karɓa, har na nuna wa maƙwabciyata don a samu shaida. Ban gaya miki zancen Otis ba don ba ki tambaye ni abin da ya faru ba, gaya mini kika yi.

Amma zaman gida kam, a'a. Hotona ne a ƙofofi, haƙarƙarina ne ake ciniki da shi. Kendra ta zo har ɗakina da furanni da jawabin da ta rubuta mini in karanta. Ke kuma kin ce in yi shiru. Kowa ya samo mini abin da zan yi da bakina. To bakin nawa ne.

Kuma akwai abin da ke ma ba ki gaya mini ba. Jami'in gandu ya zo ɗaukar bayanina, a bakinsa na ji. Ashe ana saura 'yan kwanaki abin ya faru, karnuka sun yaga kunnen maraƙin Pinta. Ke kika ɗinke shi da hannunki. Sannan kika mayar da uwa da ɗa filin da hanya ta ratsa, ba ki sa ko ƙyalle a ƙofa ba balle sanarwa. Yaya, ke da kike gane halin saniya daga yadda take kaɗa kunne, kin san Pinta a cike take. Kin san duk karen da ya gifta, shi zai biya. Kin kuma san ranakun da nake bi ta wurin.

Na san karnukan da suka yi ɓarnar. Na wani abokin sana'ata ne, Brody, mai sakin karnuka takwas ya bi su a baya yana latsa waya. Na sha yi masa magana.

Zan je, zan faɗi nasa, zan faɗi naki, zan faɗi nawa. Na gaya miki tun yanzu don kada ki ce na yi miki kwanton ɓauna. Ina ƙaunarki, Allah ya sani. Amma ba zan yi shiru ba.

Ki gaida gida.

Graciete

*

Hayward
Nuwamba

Baba Pettiford,

Barka da war haka, ya ƙafafu, ya mutumina Otis? Ka ce in ba ka labarin zaman tunda ba ka samu zuwa ba. Ka gyara zama, ba daɗi.

Ɗakin ya cika. Masu karnuka a hagu da riguna iri ɗaya, makiyaya a dama da huluna a gwiwa, kamar ɗaurin auren da dangi ba sa shiri. Na shiga na rasa inda zan zauna, sai na tsaya a jikin bango. Da aka kira sunana, hagu suka yi tafi.

Tafin bai daɗe ba. Na fara da Brody, na kira sunansa yana zaune a layi na biyu. Na ce karnukansa ne suka yaga kunnen maraƙin, kuma rabin mutanen da ke sanye da rigar nan sun taɓa ganin irin haka suka kau da kai. Na ce mu ne muke rataye leda a shinge, mu ne muke cewa wasa yake yi. Wata ta ce daga baya, "Ai dama 'yar gidan shanu ce." Na ce mata ƙwarai kuwa, shi ya sa karnukan da na riƙe ran nan duk suna raye. Makiyaya suka fara gyaɗa kai, wani har da murmushi.

Sai shugabar zaman, wata mai magana a hankali, ta tambaye ni ko a ganina mai shanun ta san saniyar na iya taso wa mutum. Yayata tana gaba, ba ta waiwayo ba, ƙeyarta kawai nake gani da furfurar da ban san ta yi yawa haka ba. Baba Pettiford, da ƙasa za ta tsage da na shige. Na ce ta sani.

Aka ba Yayata dama ta yi magana. Ba ta musa ba. Ta ce idon ruwan ɗaya filin ya ƙafe tun watan Yuli, ta rubuta wa hukuma a ja mata bututu ba a yi ba, kuma ba za ta kulle mai shayarwa inda babu ruwa ba. Ta ce sanarwa kam ya kamata ta sa, ba ta sa ba, wannan nata ne. Ni ban san zancen ruwan ba sai a wurin.

Mutanen hukuma suka yi ƙus-ƙus a tsakaninsu, sannan suka kawo mata mafita. Za a sabunta mata izini na gwaji, in ta yarda a kai Pinta mayanka, a nuna wa jama'a an ɗauki mataki. Kowa ya saki numfashi. Wani tsohon makiyayi da ke kusa da ita ya taɓa ta ya ce ta karɓa, saniya ɗaya ce. Ni ma a zuciyata ina cewa karɓi, Yaya, karɓi.

Ta miƙe ta sa hularta. Ta ce, "Ƙanwata ta kwanta a kan makahon kare, kun buga hotonta kuna yabo. Saniyata ta tsaya a kan ɗanta, kun ce in yanka ta. Ba zan yanka ba. Ku yi abin da za ku yi."

Suka kuwa yi. Ƙarshen Disamba shanu za su bar Tudun Corvo. Ta wuce ta gabana a bakin ƙofa, kafaɗarta ta goge tawa mai ciwon, ba ta dube ni ba.

Ni kuma kafin in isa gida mutum biyar sun aiko cewa sun samu wani mai yawo da karnukansu. Kendra ta cire hotona daga ƙofofi, abin da na fi so ke nan a duk ranar. Ban yi nadamar kalma ɗaya ba, amma na zauna a mota na yi kuka har haƙarƙarin ya tuna mini da kansa.

Likita ya ce mako mai zuwa zan iya riƙe igiya. Ka gaya wa Otis ya shirya hancinsa.

Taka,
Graciete

*

Gona
Disamba

Graciete,

Ina gaishe ki. An ce kin koma aiki, madalla.

Ban rubuto don mu tona abin da ya wuce ba. Kin faɗi gaskiya, ta kashe ni, shi ke nan. Na yi makonni ba na son jin sunanki. Har yanzu in na tuna muryarki kina cewa "ta sani", sai in ji abinci ya fita raina. Amma da kin yi ƙarya a wurin, da na rena ki, kuma gara in ji haushinki da in rena ki.

Na yi ciniki da wani ɗan uwan Anselmo a Los Banos, zai ɗauki yawancin garken bayan Kirsimeti. Zan riƙe abin da filin gida zai iya ɗauka. Pinta da ɗanta suna ciki.

Hukuma ta aiko mini da tsarin fita. Wai in kawo manyan motoci ta ƙofar baya, a ranar aiki, tun kafin mutane su fito, don kada a tayar wa jama'a hankali. Wato in sulale kamar wadda ta yi sata. Na duba takardar izinina, babu inda aka ce ta wace ƙofa zan fita. Baba da ƙafa ya hau da shanun nan ta babbar hanya, ta nan za su sauka. Ranar Asabar ta ƙarshe, da rana tsaka, lokacin da wurin ajiye motoci ya cika. Zan sanar da jami'in ya sa kowa ya ɗaure karensa ya koma bayan shinge, wannan karon har allo zan kafa. Su tsaya su ga abin da suka kora, su ɗauki hoto su manna.

Matsalar ɗaya ce. Ni zan shiga gaba a kan doki, maƙwabta biyu za su tsare gefe. Babu mai bin baya. Bayan garke ba wurin baƙo ba ne, nan masu jego da 'ya'yansu suke taruwa, nan Pinta za ta kasance. Yana son wanda ya san shanu, ya kuma san karnuka da masu su. Tsohuwar goɗiyar nan, Boneca, tana nan, ta yi ƙiba don rashin mahayi.

Ba roƙonki nake yi ba, na riga na yi roƙona na shekara. Na san mutanen da za su tsaya a bakin shinge su ne sauran masu ba ki aiki, kuma duk wanda ya gan ki a bayan shanuna ya gama da ke. Na san kuma wace saniya ce za ki bi a baya. Labari kawai nake ba ki.

Allah ya kai mu Kirsimeti lafiya.

Yayarki,
Delfina

*

Hayward
Disamba

Yaya,

Ina gaishe ki.

Ban janye komai ba, kuma in aka sake tambayata, abin da na faɗa zan sake faɗa. Saniyarki ma ban yafe mata ba.

Na gaya wa masu karnukana ranar Asabar ba na aiki. Wanda ya tambayi dalili na ce ya zo bakin shinge ya gani.

Ki ɗaura wa Boneca sirdi, ki ɗan sassauta majayi. Sai kin taimaka mini wurin hawa, hannun hagu bai gama ɗaguwa ba.

Auta